Ta'aziyyar Mai Rai

Na san abin da ake faɗa muku a wajen biki da suna. Ana ce muku ubanku ya tayar da fitina a Madarumfa yana ɗanyen malami, ya koya wa 'ya'yan mutane yadda ake fille kan sarakuna, har aka ɗauke shi aka jefa can ƙarshen ƙasa, ya bar tsohonsa ya rasu ba ya kusa. Na ƙarshen nan gaskiya ne, kuma ba na neman kowa ya sassauta mini shi. Sauran kuwa masu labari ne suka yi ta zuba musu gishiri shekara da shekaru. Tun da yanzu ido ya soma gajiya, hannu kuma yana rawa in na daɗe riƙe da alƙalami, gara in rubuta muku da kaina yadda abin ya faru, ku ajiye, in an sake tayar da zancen ku san inda za ku tsaya.

Shekarata ta uku ke nan da fara koyarwa lokacin da aka turo ni gida. Wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, don abokan karatuna an watsa su ko'ina, ni kuwa ga ni a garinmu, ina kwana gidan ubana, ina tafiya makaranta da ƙafa. Kakanku Malam Idi masunci ne, amma a lokacin ya bar shiga ruwa: ido ya rufe saura kaɗan, ƙafafu suna kumbura. Ni nake kai shi masallaci, ni nake raka shi asibiti. Uwarku Rabi tana ɗauke da cikin babbanku, Nasiru. Ni kuma, ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Tarihi nake koyarwa, da Faransanci zalla, wando a goge, takalmi yana ƙyalli, kowa a gari yana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Dokar makaranta ta hana Hausa a cikin aji, amma ko ba dokar ba ni ba zan yi ba, don a ganina na lokacin in na saki kalmar Hausa ɗaya gaban allo, ƙimata ta zube ke nan.

A manhajar shekarar akwai tarihin Turai, tun daga zamanin da sarakunansu ke cewa Allah ne ya ɗora su, har zuwa juyin juya halin Faransa. Babu darasin da nake so kamar wannan. Nakan raba mutanen ƙasar kashi uku a kan allo: manyan coci, sai masu sarauta da filaye, sai kashi na uku, wato manomi da maƙeri da ɗan kasuwa da duk wanda ya rage, waɗanda su ke ɗauke da nauyin sauran biyun. Da al'amura suka cuɗe wa sarkinsu, ya kira babban taro, aka ce kowane gari ya zauna ya rubuta abin da ke damunsa a kai. Abin da ke cikin littattafan nan shi ya fi kama mini hankali, don ba zancen masu ilimi ba ne. Wasu sun ce tantabarun mai ƙasa suna tsince musu iri bayan shuka, kuma ba su da ikon jifansu. Wasu sun ce an hana su niƙa sai a wurin niƙan ubangida. Wasu gishiri ya gagare su saboda haraji, wasu an kewaye makiyayar da kakanninsu suka yi kiwo, wasu kuma ana kwasarsu aikin hanya ba lada. Sunan irin wannan littafi da Faransanci kayen doleyans, wato littafin koke-koke. Da na faɗi fassarar nan da Hausa sau ɗaya tak a ranar, da babu wannan babin a rayuwata.

Ban faɗa ba. Sai ma na ƙara da burga: na ɗaga wani sabon kaye, na ce ga shi na buɗe namu na doleyans, kowa ya je gida ya tambayi manyansa abin da za su ce in da su ne, ya kawo mini ranar Litinin. Na tambaya ko an gane, aji duka ya amsa an gane, kamar yadda suka saba. Abin da ban lura ba shi ne, yaran nan ba su taɓa jin doleyans ba, amma kondoleyans, wato ta'aziyya, kam sun sha ji a rediyo duk lokacin da ake sanarwar rasuwa. Kunnensu ya ɗauki wadda ya sani. Waɗanda ke zuwa daga ƙauyukan bakin tafki suka koma gida ranar Juma'a suka ce Mushe ya buɗe littafin ta'aziyya, kuma ya ce manya su faɗi nasu. Kowa a can ya san Malam Idi ba shi da lafiya. Sauran lissafin ba wuya.

Ranar Asabar da hantsi ina tsaye ƙofar gida ina wanke keke, sai na hango mutane sun miƙo layi guda, maza a gaba sun sunkuyar da kai, mata a baya da ƙoren gero a rufe da faifai. Wadda ta fara isowa gare ni Gwaggo Hure ce, wata dattijuwa mai lambun albasa da tumatir a bakin tafki, wadda duk yankin an san ba a take mata magana. Ta durƙusa, ido jawur.

"Mushe, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam Idi, Allah shi sa ya huta."

Baba yana zaune bayan gindin dogon yaro, inda ba a hango shi daga hanya, yana lalubar wata tsohuwar koma yana ɗinkewa. Ya gane muryarta.

"Amin, Hure. Amma ki ɗan dakata in gama ɗinkin ga tukuna."

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta, gero ya watse, kajin unguwa suka samu rabonsu. Wani dattijo, Malam Ɗanjuma, ya ja da baya yana salati har ya taka ƙafar na bayansa. Da aka tabbatar mutum ne ba fatalwa ba, sai dariya ta ɓarke, irin wadda ake yi har hawaye, uwarku tana leƙe daga zaure tana riƙe da ciki. Baba ya hana a koma da geron, ya ce tun da an riga an ɗauko, nauyi ne a mayar. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba, don da aka bi sawun maganar, a ƙofata ta tsaya. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo ruwa, kowa ya zuba mini ido. Dole na zauna na yi abin da ban taɓa yi ba: na ba da darasin Turai da Hausa, tun daga tantabaru har zuwa gishiri. Kunya ta rufe ni da farko. Amma ina cikin magana na lura ba a taɓa saurarona haka ba. Da na zo kan aikin hanya ba lada, Baba ya ajiye komar. Shi an taɓa kwasarsa irin wannan aikin yana saurayi, a zamanin Nasara, har yana da tabo a kafaɗa.

"Tsaya, Habu. Kana nufin su ma an yi musu? Su da kansu, a ƙasarsu?"

Na ce an yi musu, kuma sun yi kuka da shi a rubuce.

"Ikon Allah. Sunka san zahinshi, kuma sunka ɗauko shi sunka kawo muna."

Gwaggo Hure ba wannan ya dame ta ba. Ta gyara zama ta ce:

"To su waɗanda sunka rubuta ɗin, an saurare su?"

Na ce mata ba nan take ba, amma abin da ya biyo baya ya juya ƙasar gaba ɗaya, har sarauta ta faɗi.

"Mu ba mu son a juya ƙasa, Mushe, wa zai kwashe ta in ta zube? Hanyarmu muka so. Tunda kayen ga na nan, kuma mun riga mun zo, ɗauko shi."

Ga zancen hanyar. Akwai wani attajiri mai motocin dakon kaya tsakanin nan da Najeriya, ba zan faɗi sunansa ba, mu dai ce Alhaji, jikokinsa suna nan kuma ba su yi mini komai ba. Ya samu fili a bakin tafki zai yi lambun mangwaro, ya kewaye da waya da ƙaya. A cikin abin da ya kewaye har da tsohuwar turbar da ƙauyuka uku ke bi su sauka ruwa: masu lambu, masunta da gorunansu, jakuna da shanu masu zuwa shan ruwa. Tun da aka rufe ta, sai an yi dogon zagaye ta cikin laka. Wata mai ciki ta zame a can da tulu a ka. Sun je sun yi kuka da baki ba sau ɗaya ba, ko'ina amsar ɗaya ce, ina takardarku. Su kuwa babu mai rubutun boko a cikinsu, masu rubutun kuma ba wanda ke son sunansa ya haɗu da na Alhaji a takarda guda.

Na ɗauko kayen. Ba zan ce muku jarumta ce ta sa ni ba; rabi kunyar idon mutanen da na sa suka yi tattaki a banza ce, rabi kuma daɗin ganin darasina ya sauko daga allo ya zauna a tabarma. Kowa ya faɗi nasa, na rubuta da Hausa yadda ya fito daga bakinsa, a shafin da ke kallonsa kuma na juya shi da Faransanci. Ban ƙara ba, ban rage ba, sai zagi biyu na Gwaggo Hure da na bari a tabarma. Da aka gama na kawo tawada, kowa ya dangwala yatsa ƙarƙashin maganarsa. Baba ya miƙo hannu shi ma, ya ce shekara hamsin yana bin turbar nan, a kama masa yatsan a ɗora inda ya dace. Ranar Litinin bayan an tashi makaranta, ni da Gwaggo Hure da dattawa biyu muka kai kofinsa ofishin hukuma, aka karɓa, aka buga hatimi, muka dawo muna jin kamar mun gama.

Sati biyu bayan nan shugaban makarantarmu ya kira ni. Mutumin kirki ne, ya kusa ritaya, kuma tsoro ya yi masa yawa. Ku tuna zamanin soja ne, lokacin da kalmar juyin juya hali in ta fito daga bakin da ba a ba izini ba, takan yi wa mai ita tsada. Alhaji yana da abokai a inda ake jin magana, kuma labarin da ya isa can ba na hanya ba ne. Cewa aka yi wani malamin tarihi yana tara ƙauyawa a gidansa yana karanta musu yadda talakawa suka kifar da sarki, har yana ɗaukar sunaye. Shugaba ya rufe ƙofa, ya turo mini wata takarda da aka riga aka buga. Layi huɗu ce. Tana cewa abin da ke cikin kayen aikin gida ne na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ƙirƙirarsa suka yi don koyon darasi, babu wani babba da ya kawo kuka, kuma na janye shi.

"Sa hannu, Habu, magana ta mutu. Ka zauna garinku, ka ga tsohonka. In ka ƙi, ba ni da abin da zan iya yi maka. Ahwektasiyo za ta zo, kuma ba Safo nan kusa za a kai ka ba."

Ahwektasiyo ita ce takardar canjin wurin aiki. Na roƙi kwana ɗaya, ya ba ni.

Da la'asar na faɗa musu a tsakar gida. Uwarku tana tankaɗe, ta ajiye rariyar. Kun san ta, ba ta da kwana-kwana.

"Hanya ce ta haihe ka? In anka ɗauke ka, wa zai kai Baba masallaci? Wa zai riƙe mashi hannu? Ni da cikin ga zan bi ka cikin rairayi, ko nan za ka bar ni? Layi huɗu, Malam. Mutanen nan ba su iya karatu ba, ba za su ma san ka sa hannu ba."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma har yau ban taɓa ganin laifinta ba. Ni kaina zuciyata ta fi karkata can. Na juya wajen Baba, wanda ke jingine da bango yana jan carbi, ina fata ya ce in sa hannu, in samu wanda zan ɗora wa. Sai ya ce in sake karanta masa takardar da Hausa, a hankali. Na karanta.

"Yatsana na cikin kayen nan, ko ba shi ciki?"

Na ce yana ciki.

"To. In ka sa hannu, ni ma ɗan lakwal ne ke nan, ƙarya na ƙirƙira don in koyi darasi. Da ni da Hure da Malam Ɗanjuma mai hurhura har gemu. Ni ba ni ce maka ka sa, ba ni ce maka kar ka sa. Aikinka ne, iyalinka ne. Amma kar ka ce don ni ka yi. Masallaci ko da sanda na san hanya."

Washegari na mayar wa shugaba takardarsa yadda ya ba ni. Na ce masa ni na rubuta kayen, manya ne suka faɗa, a gabana suka dangwala, ba zan mayar da su yara ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ban yi wani dogon jawabi ba, duk da na ji ana cewa na buga tebur. Tebur kuwa dafa shi kawai na yi.

Kafin wata ya cika takardar ta zo. Wani gari ne can gabas mai nisa, kwana uku a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, in hanya ta yi kyau. Uwarku ta yi kwana uku ko ci kanka ba ta ce mini ba, a na huɗu ta soma ɗaure kaya. Ƙanena Sani ya bar aikinsa na tashar Ɗan Issa ya dawo gida don ya kula da Baba, kuma wannan alheri ne da ban taɓa iya rama masa ba. Ranar tafiya mutanen ƙauyukan nan suka zo rakiya, wannan da busasshen kifi, wannan da albasa, har mai motar ya fara ƙorafin kaya. Baba bai fito bakin hanya ba. A zaure ya shafa fuskata da hannu biyu, tun daga goshi har haɓa, ya ce na rame, in riƙa cin abinci.

A can aka haifi Nasiru. A can kuma na koyi sana'ata da gaske, don tun daga ranar tabarman nan ban sake barin aji ba sai na tabbatar abin da na faɗa shi aka ji, ko da zan saci Hausa ko yaren garin in rufe ƙofa. A shekara ta biyu wasiƙar Sani ta iso, ta yi wata guda a hanya. Ya ce an canza mutane a ofis, sabon da ya zo ya tarar da kukan nan da hatiminsa, ba a janye ba, ba a amsa ba. Gwaggo Hure kuwa ba ta taɓa barinsu sun huta ba, duk ranar kasuwa sai ta je ta zauna a ƙofa ta tambaya ina aka kwana. Aka fito aka auna, aka sa Alhaji ya ja wayarsa baya, faɗin amalanke guda. Ba ni na buɗe hanyar ba, ƙafar matar nan ce ta buɗe ta. Nawa kawai shi ne ban ba su takardar da za su rufe mata baki da ita ba. Na karanta wasiƙar sau uku a tsaye, na shiga gida na karanta wa uwarku, ta ce to madalla, ta juya tana share ido da bakin zane. Ina alfahari da ranar nan fiye da duk wata takardar yabo da aka ba ni daga baya.

Wata biyar bayan haka saƙo ya zo cewa jikin Baba ya tsananta. Na bar aji a tsakiyar darasi. Mota ta lalace mana a hanya, kwana ukun suka zama biyar. Na sauka Madarumfa na tarar an binne shi da kwana biyu. Ban wanke shi ba, ban sallace shi ba, ban sa shi a kabari ba, ni da nake babban ɗansa. Wannan ciwon bai warke ba, kuma na daina jiran ya warke. In wani ya ce muku taurin kaina ne ya jawo, kada ku yi musu da shi, haka ne. Ku dai ƙara masa da cewa ubanku ya san farashin tun kafin ya ƙi sa hannu, kuma da a yau za a sake turo masa takardar, zai sake mayar da ita.

Bayan an watse daga addu'ar bakwai, Sani ya ja ni gefe ya ce akwai saƙo. Ya ce saura kwana goma Baba ya rasu, ya tashi da safe ya ce a ɗaura jaki a amalanke, tafki yake son zuwa. Aka yi ta lallashinsa, ya ƙi. Sani ya shimfiɗa masa katifa, suka bi sabuwar turbar a hankali, Baba ya miƙa sandarsa yana taɓa waya ta dama, yana taɓa ta hagu, yana auna faɗin. Da suka isa ya sa aka sauke shi, ya zauna a bakin ruwa, ya tsoma ƙafafunsa, ya yi alwala, ya daɗe yana sauraren masunta. A hanyar komowa ne ya ba da saƙon.

"In Habu ya zo, ka hwaɗa mashi na bi hanyar. Ka ce mashi ta yi ƙunci, kuma akwai rami wajen tsamiya, saura kaɗan shi kada ni. Amma ta kai ni ruwa."

Da gari ya waye na ari hauya da kwando a maƙwabta, na tafi wajen tsamiyar na cike ramin.